Inna Gambi da Buhuna na Fari

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida a Guéné ina tsintar wake, waya ta yi ƙara. Hadiza ce, autar Inna Gambi. Ba ta tsawaita gaisuwa ba. "Yaya Safiya, sai haƙuri," in ji ta. "Inna ta cika bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na aje faifan, na yafa mayafi, na tsaida kabu-kabu. Kafin in isa Malanville an riga an kai ta makwancinta.

Ba ita ta haife ni ba, kuma ba mu haɗa dangi ba. Amma bayan iyayena ban san wanda ya fi ta hakki a kaina ba, shi ya sa nake so masu zaman makoki su ji abin da na sani.

Ina da shekara ashirin da biyu mijina ya rasu. Da na fita takaba, na ga ba zan iya zama gidan yayana a Madécali ana auna mini abinci ba, ko da yake bai taɓa yi mini gori ba. Ya ba ni buhu guda na samfarera, wato shinkafar da ba a casa ba, rabona na gonar babanmu. "In ya ƙare ki komo gida," in ji shi, "ba abin kunya ba ne." Ni kuwa a wurina abin kunya ne. Na taho Malanville da buhun nan, da tabarma, da Alƙur'anina cikin gafaka.

Inna Gambi tana cikin matan da ke turara shinkafa su kai kasuwa. Ta ba ni ɗan ɗakin da take tara itace, ruwa yana zuba ta kusurwa guda. Don ta gan ni ina tilawa kullum, ta laƙa mini Malama, sunan da ya bi ni har yau. Ta koya mini aikin: a jiƙa samfarera ta kwana, a turara har ƙaiƙayi ya tsage, a baza a rana kaɗan, sannan a kwashe zuwa inuwa ta huce, ta ƙarasa bushewa sannu-sannu. Takan ɗauki ƙwaya ta ciza, ta ce, "Haƙori shi ka faɗa miki, ba ido ba."

Na ji da kunnena, amma gaggawa ta ci ni. Ina so in riski kasuwar Asabar. Ranar da ta tafi garin Gaya wajen suna, na bar shinkafata cikin ranar bazara tun safe har la'asar. Da na kai injin casa, sai ta fito a karye, duka buhun, ba ƙwaya guda cikakka cikin tafin hannu. Mai injin ya kau da kai don kada mu haɗa ido.

Abin da ya biyo baya ban taɓa faɗa wa kowa ba, Allah Ya yafe mini. Na je wurin Inna na roƙe ta tiya biyu ta shinkafarta mai kyau. Ta auna ta ba ni, ba ta tambaya ba. Sai da na kai bakin ƙofa ta ce, "Malama, wagga ta bisa ce ko?"

Na tsaya kamar an dasa ni. Niyyata ke nan: in cika roba da karyayya, in lulluɓe ta da mai kyau.

"Komo ki zauna," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta jawo mini aya ba, alhali ta san na san ayar. Cewa ta yi, "Wanda ya saya zai kai ƙasan robar, ɗiyata, kuma gaban matarsa zai kai." Na fashe da kuka, na ce to gobe zan koma Madécali. Ta ce, "Koma ki yi mi? Shinkafa ta karye, ba guba ta zama ba."

Washegari ta bar nata aikin. Ta aza mini babbar tukunyarta, ta ɗauki itace da wake, muka nufi wajen duwan, wato kwastan, inda manyan motoci ke jiran ƙetare gadar kan iyaka. Muka dafa shinkafa da wake. Kafin a zuba wa kowa ta ɗaga murya: "Ku ji da kyau, karyayya ce!" Wani direba, dattijo mai jan gemu, ya miƙo kwanonsa yana dariya. "Haba Inna, haƙorana ma karya ta za su yi. Zuba!" Kafin azahar muna kankare ƙanzo. Kwana shida tana raka ni. A na bakwai ta ce ƙafarta na ciwo, in tafi ni kaɗai. Da na komo na iske ta tsaye bakin murhu tana turara, ƙafa lafiya lau.

Ban koma Madécali ba sai da salla, da atamfar matar yayana a hannu.

Yau ina da gidana da iyalina, alhamdu lillahi. Amma wallahi wani lokaci nakan yi begen shekarun nan, lokacin da zanena biyu ne, in na wanke ɗaya in jira ya bushe. Mu ci ƙanzo da mai da yaji cikin kwano guda, tana tura mini wajen da ya fi mai, tana cewa ita ta ƙoshi. A lokacin ina ɗokin su wuce. Bana sau biyu kawai na leƙa ta, ga shi tsakaninmu ba nisa. Zuwana na ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, kin yi wuyar gani." Na ce zan komo bayan girbi.

Ya Allah, baiwarKa Gambi ta zo gare Ka. Ta ga aibina ta rufe, Ka rufe nata. Ta tsare ni daga haram ranar da ilimina bai tsare ni ba, Ka tsare ta daga azabar kabari, Ka yalwata mata shi, Ka sanya ta inuwar Al'arshinKa. Ka ba Hadiza da 'yan'uwanta da jikoki haƙuri, Ka haɗa kansu, kada Ka bar murhun gidan nan ya mutu. Duk lomar halal da na ci tun daga ranar nan, da wadda na sa a bakin 'ya'yana, Ka rubuta mata ladarta. Amin.