Na Ce Na San Shi

A Manchester an daina karɓar maganata saboda kalma uku da na faɗa a waya.

Muna da hanyar aika kuɗi gida wadda ba ta bi ta banki. Ka ba mutum fam a nan, ɗan'uwansa ya ba naka naira a can. Ba shugaba, ba ofis. Guruf ne a waya, Musulmi da Kirista, daga unguwar Longsight a Manchester har garin Birmingham. Doka ɗaya ce: ba a miƙa wa sabon mutum kuɗi sai mutum uku da aka yarda da su sun ce sun tsaya masa. Tsayawa na nufin idan ya gudu, kai za a nema.

Ban yi boko ba, don haka murya nake aikawa. Shekaruna da yawa a ciki, ban taɓa tsaya wa maƙaryaci ba. Abin da na mallaka ke nan a ƙasar nan.

Wata rana wani mutum daga Birmingham ya nemi shiga. Aka tambaya ko akwai wanda ya san shi. Mun taɓa aikin sati biyu tare a wani sito, muna ɗaukar kwali. Ya taɓa ba ni rabin shinkafarsa. Ina cikin bas a Stockport Road na danna waya na ce, "Na san shi."

Alhajin da ke sayar da nama a Longsight ya ji muryata, ya ce ya tsaya masa. Wani direban tasi ya ji Alhaji, shi ma ya tsaya. Aka ce uku sun cika, da ni a farko. Na ji lokacin da aka ƙidaya ni. Ban gyara ba. Na ji daɗi a ce Alhaji ya bi bayana, kuma na ji kunyar in dawo in ce iyakar sanin shinkafa ce.

Wata uku mutumin yana aiki daidai. Sai wata mata daga unguwar Hulme, 'yar Filato, mai kula da tsofaffi, ta ba shi kuɗin aikin tiyata da za a yi wa mahaifinta a Jos. Kuɗin bai isa Jos ba. Wayar mutumin ta mutu. Kafin 'yan cocinsu su haɗa wani, tsohon ya rasu.

Bayan Juma'a aka taru a bayan shagon Alhaji, kusa da firij. Direban ya ce shi bai taɓa ganin mutumin ba, maganar Alhaji ya bi. Alhaji ya ce shi kuma ni ya bi. Ashe ukun nan mutum ɗaya ne. Na ce ban ce na tsaya masa ba, a saurari muryar. Aka kunna, aka ji. Gaskiyata ce, kuma ba ta amfani kowa ba.

Matar na tsaye da rigar aikinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, da ka ce ka san shi, me ka sani?"

"Fuskarsa."

"Ni ma na san fuskarsa," in ji ta. Ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Ba wanda ya kore ni, don ba mai ikon kora. Kowa da kansa ya cire ni daga mutanen da yake saurare. Idan na aika murya, ba amsa. Alhaji ya ci gaba da sayar mini da nama, yana gaishe ni kamar baƙo. Daga baya suka ƙara doka, cewa duk mai tsayawa sai ya faɗi inda ya san mutum da bakinsa.

Na zo Birmingham neman mutumin. Na zagaya masallatai da wuraren wankin mota, ban same shi ba. Ban koma ba. Yanzu ina Birmingham, ina wanke motoci, ina kwana a ɗaki ɗaya da mutum biyu da ba sa jin Hausa.