Aya a Tashar Arequipa

Wani matashin fada, wato limamin coci, yana zaune a tashar motar birnin Arequipa, siriri kamar kara, littattafai bakwai a gefensa, na takwas mai baƙin bango a hannu. Duk ƙagaggun labaran Turawa ne. Da alama sawun Almasihu yake nema a cikinsu don jarrabawa.

Wata tsohuwa mai tallan dafaffiyar masara ta durƙusa, ta sumbaci bangon littafin, a zatonta Littafi Mai Tsarki ne.

"Fada, ja mini aya ɗaya, ko kasuwa ta buɗe."

In ya faɗi gaskiya, ya kunyata tsohuwa. Sai ya karanta a hankali: "Matar kuwa ta gudu da mai gyaran agogo."

Ta jinjina kai. "Ashe har surukata tana cikin Littafin. Ci gaba, Fada, ina suka ɓuya?"