Masu Dubiyar da Suka Zo Rabon Gona

A lokacin ni matar wani ma'aikacin reluwe ce a Kafanchan, irin matan nan da ko dangin miji sun taka su, su ne za su ce sannu. Wata Asabar maigidana ya dawo daga gonarsa ta citta yana dafe da ƙirji, gumi na zuba, muka kwashe shi sai asibiti. Likita ya ce bugun zuciya ne, kuma zuciyar ta rikice: ta yi gudu, ta tsaya, ta sake zabura.

Nas ɗin da ke kula da shi Ibo ce, amma haifaffiyar garin, Hausarta ta fi tawa. Ba ta gajiya da riƙe wuyan hannunsa tana duban agogo. Ta ja ni gefe ta ce, Mama, rabin maganin Baba hutu ne, ban da hayaniya, ban da maganar da za ta ɓata masa rai, masu gaisuwa su tsaya a waje.

To, a wurinmu wa ya isa ya hana ɗan'uwa duba mara lafiya? Ƙannensa biyu suka iso daga Godogodo da Littafi Mai Tsarki a hammata, wai addu'a kawai za su yi. Nas ta tafi ɗauko magani, ni kuwa na buɗe musu. Ko amin ba mu gama shafawa ba, babban ya sunkuya ya tambaye shi, idan Ubangiji ya kira shi, gonar ta wa ce, tunda yaransa duk mata ne. Mutum yana kwance ana masa ƙarin ruwa! Ya yunƙura zai tashi, ya koma, leɓunansa suka yi baƙi. Nas ta shigo a guje ta fatattake su, ta yi ta danna ƙirjinsa har rigarta ta jiƙe. Bai dawo ba.

Ranar biso, wato jana'izarsa, su suka fi kowa ɗaga murya a waƙa, suna kuma raɗa wa mutane wai nas ce ta yi masa allurar da ba daidai ba. Tir!

Na koyi cewa ba duk mai dubiya ne ke son ka tashi ba. 'Yan'uwana mata, in nas ta hana shiga, ku tsaya bayanta, ko wane ne ya zo. Gara dangi su kira ki marar kunya da su kira ki matar marigayi.