Ramukan da Na Toshe da Siminti

Ubana magini ne, kuma abu ɗaya ya dasa mini a kai tun ina ƙarami: ruwa ta sama yake shiga gida. Kafin damina a hau soro a yi yaɓe, a gyara indararo, duk inda aka ga tsaga a cusa mata ƙasa. Da wannan ilimin na zo Ingila, da shi na sayi gida a Salford, da shi kuma na lalata abin da ba nawa ba.

Gidan tsoho ne, na jan bulo, irin waɗanda ake ginawa a jere bango ɗaya. A ƙarƙashin falo akwai ɗakin ƙasa da suke kira cellar, inda mutanen da ke ajiye kwal. A ƙarƙashin kicin kuma wani sarari ne tsakanin katakon da muke takawa da ƙasa, ba a shigarsa sai da jan ciki. Wanda ya sayar mini ya shafe cellar ɗin da farin fenti kafin in zo dubawa. Na ji warin fenti na ce ga mutum mai tsafta. Allah ya isa tsakanina da shi, amma ba shi ne babban mai laifi ba.

A sanyinmu na farko na lura da wasu bulo masu huji a gindin bango, gaba da baya. Iska na shiga ta nan, ta biyo tsakanin katako ta cije mana goshi in mun yi sujada. A tsakiyar daɓen cellar kuma ga wani rami da murfin ƙarfe. Na ce wane irin magini ne zai bar wa ɓera ƙofofi haka? Na sayo siminti, wata Asabar na durƙusa na fara toshe su ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabcina, wani tsohon Bature da ya yi ritaya daga aikin famfo, ya leƙo ta kan katanga. Ya ce mini da Turancinsu, "Aboki, hancin gidan kake toshewa. Ruwan unguwar nan daga ƙasa yake tasowa."

Na ce masa ubana ya shekara arba'in yana gini, ba gidansa ko ɗaya da ya taɓa yoyo.

Ya ce, "A Salford ya yi ginin?"

Raina ya ɓaci. Na ƙara wa ramin cokali biyu yana kallo. Matata tana bakin ƙofar kicin, ta ce, "Malam, ka saurari mutumin nan, a layin nan aka haife shi." Na ce ta kula da tukunyarta.

'Yarmu ta fari a nan aka haife ta. Uwarta ta riƙe al'adar gida sosai: ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta yaba ta a gaban mutane, in za ta aike ta sai ta ce "ke". Yarinyar ta tashi cikin yaran da iyayensu ke rungumarsu a ƙofar makaranta, ta ɗauka ba a son ta. Ba ta san cewa tun tana rarrafe uwar ke tara mata kaya a wata adakar ƙarfe ba. Duk wanda zai je gida sai ta ba shi saƙon atamfa ko leshi. Har da saƙin kakarta a ciki, da tufafin da ita kanta ta sa ranar aurenmu. Duk wata sai ta fito da su ta yi musu turaren wuta ta mayar.

Da matata ta kwanta ciwo ya yi tsanani ne ta gaya wa yarinyar, a gabana, a asibiti. Ta ce, "Akwai adaka a bayan gado. Taki ce." Iyakar maganar ke nan, amma yarinyar ta gane, ta kifa kai a gefen gadon.

Bayan rasuwar na kasa kwana da ƙamshin adakar nan. Na ja ta na saukar cellar. Ko bulo biyu ban ɗora ta a kai ba, abin da kowace mace a garinmu za ta yi ba tare da an gaya mata ba. Lokacin 'yata ta sami aikin jinya a Birmingham, tana zaune a wani flat a Aston. Sau uku tana roƙona.

"Baba, bari in tafi da ita. Cellar ɗin nan akwai damp, danshi ne ko'ina, tun daga ƙofa ake jin wari."

"Uwata, kayan aure ba sa barin gidan uba sai ranar aure. Cellar kuwa ni na gyara shi da hannuna."

"Gyaran naka nake tsoro, Baba."

Na ce Turawa sun koya mata musu da manya. Warin da take faɗa ni ma ina jin sa. Sai in kunna turare a bakin matakala.

Shekara uku adakar na ƙasa. Wata kaka aka yi makonni ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Na dawo daga masallacin Juma'a, na buɗe ƙofar cellar zan ɗebo shinkafa, sai na ga matakala uku na ƙasa babu su. Ruwa ne kwance, garau, shiru, kamar na rijiya. Kun san abin da na fara yi? Sama na hau, na leƙa rufin gida ina neman inda yake yoyo. Ƙato da furfura, ruwa ya cinye masa gida ta ƙasa, yana can yana haska kwano da tocila.

Na kira council, hukumar garin, wata murya ta ce gidan nawa ne, ruwan ma nawa ne. Na zage ta bayan ta kashe wayar. Maƙwabcin nan ne ya shigo da injin zuƙe ruwa da dogon takalmin roba. Da ruwan ya ja, ya sa kurfi da guduma ya fasa simintin da na zuba a ramin tsakiya, ragowar ta bi ta nan ta tafi. Ya leƙa ƙarƙashin kicin, ya tura yatsa cikin katako, yatsan ya shige kamar cikin dafaffiyar doya. Ya goge yatsan ya kwashe kayansa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari 'yata ta iso ta jirgin ƙasa. Muka ɗauko adakar zuwa tsakar gida, gindinta ya cinye da tsatsa. Da ta ɗaga murfin na gane abin ba na kwana biyu ba ne. Ruwan jiya ya jiƙa na ƙasa kawai. Na sama kuwa fumfuna ce ta shekaru, baƙa da kore, ta manne su wuri ɗaya. Ta ɗago saƙin kakarta, ya rabe biyu a hannunta.

"Sau nawa na gaya maka?"

Ta ɗaga mini rabin saƙin, ta ci gaba.

"Mama ta gaya maka. Mutumin next door ya gaya maka. Abu ɗaya ta bar mini, Baba, ɗaya! Duk maganar da ba ta yi mini ba tana cikin nan."

Na buɗe baki zan ce ƙaddara ce. Ta ɗaga mini hannu. "Kada ka sa Allah a ciki. Ba Shi ya sayo simintin ba."

Duniya ba wanda ya taɓa yi mini magana haka. Turmi biyu kawai suka tsira, da zanen auren uwarta, wanda ruwa ya yi wa layi ja-ja a gefe. Ta naɗe su a jaka, ta hau jirgin yamma, ko ruwan gidan ba ta sha ba. Ni kuma na ari kurfin maƙwabcina, na durƙusa inda na durƙusa da, na kwana uku ina fasa aikina. Simintin ya kama da kyau, ɗan banza.

Bara aka ɗaura aurenta a Birmingham. Ta gayyace ni, ta gaishe ni yadda ya kamata, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ranar walima ta fito da zanen uwarta. Tela ta so ta yanke gefen da ya ɓaci, ta hana. Hoton yana falona yanzu, layin ruwan ya fito sarai daga gwiwa zuwa ƙasa. Baƙi kan tambaye ni ko ado ne. Nakan ce a'a, aikina ne.