Numfashin Nekesa

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, Allah ya karɓi ran ƙanwata Nekesa a Nairobi. Ciwon asma da ta yi fama da shi tun tana ƙarama ne ya yi ajalinta. Mun kai ta gida Bungoma, mun binne ta a bayan ɗakin Mama.

Nekesa, a ɗakina na unguwar Kawangware a Nairobi kuka fara waƙa, ke da abokin waƙarki Gathogo. Jita ɗaya, makirufo ɗaya, kuna fuskantar juna. Kuka ƙarar mini da sukari, maƙwabta suka gaji da buga bango. Daga baya kuka ajiye jita kuka koma kiɗan kwamfuta, har aka riƙa jin ku a cikin matatu, motocin hayar nan na gari. Sunan bai hau miki kai ba. Ranar da mai gasa masarar layinmu ta kai ɗanta asibiti, ke kika zauna kina fifita mata garwashi.

Kin yarda da kowane sauyi, ban da guda. Kafin kowane baiti ana jin kin ja numfashi, da 'yar ƙarar nan ta ƙirjinki. Gathogo ya sha cewa a goge shi daga waƙoƙin da kuka naɗa. Sai ki ce, "Kai, bar mini abina. Da ƙyar nake samo shi."

Ranar jana'iza, bayan an sha shayi, Gathogo ya miƙe ya ce kun bar waƙar ƙarshe, za ta fito wata mai zuwa. Ya kunna. Muryarki ce tsaf, mutane suna ta kuka. Ni kuwa na kasa kunne har ta ƙare, ban ji kin ja numfashi ba sam. Kuma na san tun farkon shekara ko bene ba kya iya hawa.

Na ja shi gefe. "Gathogo, yaushe ta rera wannan?"

"Haba Yaya, yau ai ba ranar tambaya ba ce."

"Gogewa ka yi, ko na'ura ce ta kwaikwayi muryarta?"

Ya sunkuya yana duba wayarsa.

Ban ce ya aikata ba, amma hankalina bai kwanta ba. Muddin ina raye, ba za a liƙa sunanki a kan abin da ba ki rera ba.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya hutar da ƙirjin nan da ya wahala. Allah ya bai wa Mama da 'yarki Nafula haƙuri. Kai ma Gathogo ka yi rashi, na sani, Allah ya sanyaya maka zuciya. Ranar Asabar ina nan tafe ɗakin da kuke naɗar waƙa. Ka nemo mini ainihin naɗin, wanda ƙanwata take numfashi a ciki.