Sukudireban Bitrus da Keken da Ba Ya Kuka

Shekara goma sha biyu ke nan da muka raka abokina Bitrus makwancinsa. Har yau in na bi ta unguwar Television na ji wata mota tana tari a gefen titi, sai in riƙa jiran muryarsa ta ce mini filogi ne, ko kuwa mai ne ba ya isa. Na so a ce bana zan rubuta wannan waiwaye da sanyin zuciya kamar yadda na saba. Ban samu ba, domin abin da na gani a garejinsa watan jiya ya ɓata mini rai ƙwarai.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Bitrus bakanike ne. Daga kudancin jihar nan ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi aiki a masana'antar harhaɗa motoci ta Kakuri, daga baya ya buɗe garejinsa. Ni kuma a Makera nake, sana'ata sayo tsofaffin motoci da kayan gyaransu daga waje. Ita ta kai ni Kwatano da Beljiyam da Jamus, daga baya Dubai da Sin, har na tsinci Faransanci da ɗan Jamusancin ciniki. Duk motar da na kawo, sai ta kwana wajen Bitrus kafin ta ga mai saye. Shi da cocinsa, ni da masallacina, kuma ko a shekarun da rikicin addini ya raba garin nan gida biyu, bai taɓa fasa tsallakowa ya ci tuwon sallah a gidana ba.

Yana da doka guda: ba a taɓa mota sai an saurare ta. Yana da wani dogon sukudireba mai marikin katako. Sai ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya manna marikin a kunne, ya rufe ido. Duk yaron da zai yaye sai ya ci wannan jarrabawa kafin a ba shi akwatin sifana. Shi ya sa tun da ya rasu, waɗanda ya yaye suke taruwa a garejin duk shekara, a tayar da tsohuwar akori-kurarsa, a tsaya shiru ana sauraren injin, sannan a yi addu'a a ci abinci. Al'ada ce mai kyau, kuma ban taɓa fashi ba.

Bana muna cikin wannan tsayuwa sai ga Saratu, autar Bitrus, wadda ta karanta aikin lantarki kuma take harkar sola a unguwar Kamazou. Ta shigo da keke mai ƙafa uku, irin na haya, amma mai aiki da batir. Ba wanda ya ji shigowarta. Da ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran a ba ta hanya, manyan kanikawa uku, masu furfura, suka ɗauka mutuwa keken ya yi, suka zagaya baya suka kama turawa. Oga Sunday, babban almajirin Bitrus na farko, har yana cewa ta sa a giya ta biyu. Ta ce musu a kunne yake. Bai yarda ba, sai da ya durƙusa yana neman salansa.

An yi dariya, ni ma na yi. Amma abin da ya kawo ta ba na dariya ba ne. So take yayanta Ishaku, wanda ke riƙe da garejin, ya ba ta rumfar baya ta kafa sola, ta riƙa caji da gyaran irin waɗannan kekuna. Masu su sun fara yawa tun da man fetur ya yi tsada, kuma ba su da inda za su kai gyara. Ishaku ya ƙi.

"Ke, wannan ba mota ba ce, fanka ce mai taya," in ji shi. "Ba za a mayar da garejin Baba shagon cajin waya ba ina raye."

"To Yaya, motoci nawa suka shigo maka wannan makon?" ta tambaye shi.

Amsar a fili take. Kowa na ganin ramin gyara babu mota a kansa. Mutane sun jingine motocinsu a gida saboda mai, yaran garejin biyu sun koma acaɓa. In aka ci gaba a haka, garejin da Bitrus ya gina ba zai kai wata shekarar tunawa ba. Wannan shi ne abin da ke gabanmu, amma aka tsaya ana gardamar ko abin da ba ya ƙara ya cancanci a kira shi mota.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da sunan Bitrus ake wannan taurin kai. Na je Sin ba da daɗewa ba, na tsaya a bakin wani babban titi, motoci na wucewa ba ka jin komai sai ƙarar taya. A Nairobi na ga ɗan acaɓa ya tsaya ya sauke batir ya ɗauki wani, kafin in gama shan shayina ya tafi. A Jamus, wani tsohon abokin cinikina ya gaya mini ɗansa da ke aikin ƙera kayan giya ya koma koyon wata sana'a, don motar lantarki ba ta buƙatar yawancin abin da yake ƙerawa. Masu ƙera injin da kansu sun rasa barci. Mu da muke sayen abin da suka gama yayi da shi, mu ne muka tsaya muna rantsuwa cewa duniya ba za ta juya ba.

Ba na cewa hanyar a share take. Na san yadda wuta take a garin nan, na san ramukan hanyar Sabon Tasha, na kuma san batir in ya mutu ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga mai keke. Mai yiwuwa motar fetur ta daɗe a nan fiye da ko'ina. Amma daɗewa daban, dawwama daban.

A garejin, da Ishaku da Saratu suka juyo gare ni, a matsayina na abokin mahaifinsu, sai na tuna musu abin da suka manta. Lokacin da motoci masu injekta, sabon tsarin ba inji mai da ya maye gurbin kafireta, suka fara shigowa, kanikawan Kakuri da yawa cire shi suke yi su maƙala kafireta, don ita suka sani. Bitrus ya haura hamsin a lokacin. Ya sa na sayo masa na'urar duba mota, ya riƙa zuwa wajen wani bakanike da bai kai sa'an ƙaninsa ba yana koyo, ana yi masa ba'a. Na ce wa Ishaku: "Ubanka bai ce a bauta wa ƙarar inji ba. Cewa ya yi kada ka yanke wa mota hukunci kafin ka saurare ta. Kai ka saurari wannan?"

Ransa ya ɓaci, na gani a fuskarsa. Ya shiga ofis ya ciro sukudireban daga inda yake rataye tun rasuwar Bitrus, ina jin don ya nuna mana babu abin ji. Ya sa aka ɗaga bayan keken a kan jak, Saratu ta murza hannu tayoyin suka juya. Ya ɗora, ya manna kunne, ya rufe ido. Ya daɗe a haka.

"Boris ɗin tayar hagu ya fara ci," ya ce, kamar wanda aka tilasta wa magana.

"Na sani, Yaya. Ni batir da waya na iya. Birki da boris da ƙafa fa, wa zai yi mini? Shi ya sa na zo gidan ubana ban je wani gareji ba."

Oga Sunday ya ce shi dai har yanzu fanka yake gani. Ba wanda ya kula shi.

Ishaku bai ce ya yarda ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi a kwashe tsofaffin lagireto daga rumfar baya, don wai dama sun dame shi. Har yau ya ƙi hawa keken, kuma ya hana a rubuta komai game da lantarki a allon garejin. Wannan ma yana ba ni haushi, na kuma gaya masa.

Me Bitrus zai ce da yana nan? Ina jin zai yi tsaki, ya ce mota ba ƙara ba daɗi, sannan washegari ya riga kowa zuwa ya ga yadda ake buɗe ta. Akori-kurarsa za ta tsufa ta daina tashi wata rana, kafireta ta riga ta tafi, injekta ma zai bi ta. Abin da ya bari shi ne mutum ya yi shiru ya kasa kunne ga abin da bai sani ba. Ranar Talata na bi ta garejin. Kekuna biyu na caji a rumfar baya, na uku yana kan jak, Ishaku na durƙushe a gefensa. Sukudireban bai koma jikin bango ba.