Buhun Mushe Bawa

Har gobe ban manta da Juma'ar da na kusa kashe Mushe Bawa da sunan ba shi hutu ba. Lokacin ina koyar da Faransanci a wata kwaleji, ko lakwal kamar yadda muke cewa, a Malanville, shi kuma lissafi. Mushe kuwa haka ake kiran kowane malami namiji a can, daga Faransanci. Watan zafi ne, an gama jarrabawar zangon ƙarshe, kuma sansar, wato mataimakin darakta mai kula da karatu, ya kafa sanarwa cewa kowa ya miƙa makinsa ranar Litinin da safe.

Mu muna da aji biyu ko uku, Bawa yana da biyar, don an ɗauke abokin aikinsa ba a kawo wani ba. Bai taɓa ƙorafi ba. Hutun rana da ake ba mu, ni nakan shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro in yi minshari, shi kuwa jan biro yana hannun dama, loma tana hannun hagu. Takardunsa sun fi ƙarfin jaka, sai ya koma zuba su cikin buhun albasa yana ɗaurewa a bayan moto, wato babur. Sati biyu kafin nan jiri ya kayar da shi a gaban allo. Likita ya ce hawan jini ne, in bai huta ba ɓarin jiki zai iya shanyewa. Washegari sai ga shi da buhunsa.

Ni na kawo dabarar, ba zan laƙa wa kowa ba. Na samu Madam Rabi mai koyar da kimiyya da wasu malamai biyu, muka shirya mu sace takardun, mu gyara su da takardar amsoshin da shi kansa ya rubuta. Ina da rabin buhun albasa da surukina ya aiko daga Garu. Da Bawa ya shiga ofishin sansar, na kwance nasa na ɗaura nawa. Ya hau moto ya tafi, muna ƙunshe dariya. Niyyarmu mu kira shi bayan sallar Juma'a, amma gyara ya ɗauke mana hankali.

Da la'asar wayata ta yi ƙara, matarsa ce.

"Mushe, maigida ya buɗe buhu ya iske albasa. Ya ce a kasuwa anka musanya mishi, don ya tsaya sayen kihi. Ya hita ko hula babu, ko maganinshi bai sha ba."

Na manta ranar kasuwa ce, inda buhunan albasa suka fi mutane yawa, duk kamarsu ɗaya, manyan motoci na lodinsu zuwa Kwatano. Na hau moto ina salati, ina tunanin abin da zan gaya wa 'ya'yansa.

Da tambaya na kai rumfar wani dattijo, Alhaji Namata, dillalin albasa. Can na hango Bawa a miƙe bisa tabarma, ba ya motsi. Na ruga wurin Alhajin.

"Alhaji, mi ya same shi?"

"Kwana ya kai," in ji Alhaji. "Buhu tara ya hwarke mini yana biɗar takardu. Da na ce mishi mota ukku sun tashi tun azahar, sai ya zamna ya ce, shi ke nan, sun tahi. Ya sha ruwa, ya kwanta. Kada ka tashe shi, ni ban taɓa ganin mai gajiya irin wagga ba."

Na zauna ina gadinsa har rana ta yi sanyi. Da ya farka na faɗa masa gaskiya, ina kallon ƙasa, a shirye nake in sha zagi.

"Duka suna hannunku?"

"Duka. Mun raba su huɗu."

Sai ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina lakwal ɗin ga, babu wanda ya taɓa ce mini kawo in taya ka. Sai da sata kunka iya."

Kunya ta rufe ni, don tebur ɗaya muke zama, kuma kullum ina yi masa tsiyar buhunsa.

Alhaji bai bar ni haka ba. Ya miƙo mini basilla da zare ya ce wanda ya jawo farkewa shi zai ɗinke. Bawa yana zaune yana duba ɗinkina, yana ba ni maki da baki. Asabar da Lahadi na kwashe ina fama da lissafin da na tsere masa tun ina ɗalibi, shi yana gida yana barci. Albasata kuwa ya ce ba ta dawowa.

Litinin makin ya shiga a kan lokaci. Tun daga zangon nan muke haɗuwa a gindin dogon yaro mu yi gyara tare, mai aji da yawa a rage masa. Ku sababbin shiga, a aikin nan wanda ya fi kowa gajiya ba shi ne mai kuka ba, yawanci ma shi muke yaba wa da ƙwazo mu wuce. In kun ga irinsa, kada ku jira sai kun nemo albasa. Ku ce masa ya kawo.